Inna Mai Keke da "To" ɗin Autanta

A layin da shagonta yake, babu wanda ya san Inna Mai Keke da wani suna bayan wannan. Shagon ɗan tsukut ne, tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da fenti, kuma faɗinsa bai wuce a shimfiɗa yadi a kan tebur mutum ya ratsa ta gefe a karkace ba. Keken ɗinki yana fuskantar ƙofa saboda haske. Almakashi yana rataye a ƙusar da aka kafa masa tun ranar da aka buɗe wurin. Ragowar ƙyallaye kuwa suna cikin buhu a ƙarƙashin tebur, domin a ganinta babu ƙyallen da ba shi da ranarsa.

A hannun gwaggonta ta koyi ɗinki tun tana budurwa. Gwaggon mace ce mai tsada da magana, amma ta dasa mata ɗabi'a guda wadda ta bi ta har tsufa: kafin almakashi ya taɓa yadi, sai an mayar wa mai kaya da maganarsa. Idan mace ta gama zayyana irin wuyan da take so da tsawon hannu da inda aljihu zai zauna, sai Inna ta ajiye alli ta ce, "Tsaya in faɗa miki abin da kika ce." Idan kuwa ita ce ta yi wa wani bayani, ko da yaron da aka aiko karɓar kaya ne, ba ya fita sai ya maimaita mata. Masu gaggawa sukan ƙosa su ce ai sun ji. Amsarta ba ta canzawa: almakashi ba ya jin "yi haƙuri".

Mijinta direban motar kaya ne. Ya rasu lokacin da babbar 'yarsu take shirin gama firamare, Auta kuma yana goye. Da keken nan ta riƙe su duka biyun, ƙafa tana takawa, hannu yana tura yadi, kunne yana sauraron mai kuka. Ita kanta ba ta yi nisa a makaranta ba, shi ya sa take girmama ta kamar yadda ake girmama babban baƙo. Da Auta ya fara zuwa na ɗaya, ya kuma ci gaba da zuwa na ɗaya shekara bayan shekara, sai ta ɗauke masa dokar gidan ba tare da ta furta ba. Kowa yana maimaita mata magana ban da shi. Wa zai sa na ɗaya maimaici?

Shekarun da ta yi tana sauraron masu kawo ɗinki sun koya mata cewa "to" ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda take faɗowa da nauyi ta zauna daram. Mai ita ya ji, ya auna, ya ɗauka. Akwai mai ja, wadda ma'anarta ita ce, ka gama in tafi. Akwai kuma wadda ake jerawa da sauri, to, to, to, kamar kaza tana tsattsagar ƙasa, wadda mai ita yake yi domin kada a tsaya a kansa a gane ya ɓace tun farkon zance. Ta daɗe da lura cewa ta Auta ta fi kama da ta ƙarshen nan. Amma uwa tana da kunnen da take toshewa idan ta so.

Ba a banza ya samo wannan "to" ɗin ba. Ajin da ya taso a ciki cike yake maƙil, malami yana gaba da alli, lokaci yana korarsa. Idan ya gama rubutu sai ya juyo ya ce, "Kun gane?" Aji ya amsa da murya ɗaya, "Mun gane!" Wanda ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba, ya hana 'yan'uwansa fita tara, kuma idan aka fita zai ji a jikinsa. Idan na ɗaya ne ya ɗaga, abin ya fi muni, domin malamin ma yakan ce, "Har kai?" Auta ya koyi haddace abin da aka faɗa tun daga wasalin farko har aya, ya koyi zuba shi a takarda ba tare da ɗigo ya zube ba. Ya kuma koyi cewa a jarrabawa ba a barin gurbi. Idan ba ka sani ba, ka cinka. Da wannan guzuri ya ratsa jami'a ya fito da sakamako mai kyau, ya dawo gida yana jiran aiki.

A wannan tsakani ne idon Inna ya fara gazawa. Da fari ta ɗora laifin a kan masu ƙera allura, ta ce sun tsuke kafarta saboda rowar ƙarfe. Daga nan ta zargi ƙwan fitila. Sai da ta kai ga leƙawa ta miƙa wa mai gyaran takalma allura da zare ya zura mata, shi kuma yana tsokanarta cewa zai fara karɓar lada, sannan ta yarda aka je asibiti. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe na hagu, kuma ana iya cire ta. Na dama kuwa hawan jinin ido ya daɗe yana cinsa a ɓoye; ɗan abin da ya rage a cikinsa sai dai a tattala shi da magani. Inna ta fahimci zancen sarai. Idon hagu shi ne jarinta. Idan ya tafi, keke ya tsaya.

Babbar 'yar, wadda Auta yake kira Yaya, tana aure a wani gari mai nisa, ga tsohon ciki, tafiya ta gagare ta. Jinya ta faɗo a kan Auta.

Aka yi aiki lafiya. Washegari da safe aka cire bandeji aka sa mata baƙin tabarau. Idon yana ta zubar da ruwa, haske yana sukarsa, don haka ta rufe shi ta zauna a benci tana jin duniya da kunne. Ta ji muryar nas ɗin da take sallamar marasa lafiya, murya mai kaifi da sauri irin ta wadda layi ya yi wa yawa. A zuciyarta ta zana ta ƙatuwar mace mai faɗin kafaɗa. Nas ta yi wa Auta bayanin kwalabe biyu na maganin ɗigawa, ɗaya na idon da aka yi wa aiki, ɗaya na wancan, ta ja kunne cewa kada a kuskura a musanya su. Ta yi maganar ruwa da ƙura da sunkuyawa, tana cusa Turanci a tsakani. Sannan ta ce, "Ka gane?"

"To. To, to. Na gane," in ji Auta.

Inna ta san wannan "to" ɗin. Ta buɗe baki, sai ta tuna benci cike yake da mutane, ɗanta kuma ba yaro ba ne da za a tsitsiye shi a gaban jama'a. Ta haɗiye maganar.

A gida ya shimfiɗa mata a ɗakinta, ya ja labule, ya tada mata kai da matashi biyu. Ya wanke hannu. Ta ji ƙarar ruwa a roba. Daga nan sai ta ji ƙarar takarda ana warwarewa, ana naɗewa, ana sake warwarewa. Ta ji yatsa yana danna waya. Ta ji an ajiye kwalba a kan tebur, an ɗauki wata, an ajiye.

"Auta."

"Na'am, Inna. Yanzu zan ɗiga miki."

"Tsaya tukuna. Faɗa mini abin da matar nan ta ce."

Bai taɓa jin wannan umarni a kansa ba, amma bai yi gardama ba. Ya gyara murya ya fara. Ya kawo maganar nas tun daga farko, kalma bayan kalma, har da Turancin, har da inda ta tsaya ta tsawata wa wani mai amsa waya. Ko aku bai fi shi ba. Inna ta saurara har ya dire.

"Madalla da kai. Ko ita ba za ta iya sake faɗa haka ba. To, wanne za ka ɗiga mini a na hagu?"

"Ta ce wannan a nan, wancan a can."

"Nan ɗin wa? Nata ko nawa?"

A hankali ya bayyana cewa nas ɗin ta ɗaga kwalba ta nuna idonta ne, tana fuskantarsa, kuma bai sani ba ko hagunta take nufi ko ɓangaren da yake hagu a wurin mai kallo. Rubutun da aka yi a jikin kwalin kuwa kamar tafiyar tsutsa yake. Ya duba waya, waya ta ba shi amsa goma masu musun juna.

"Amma bisa ga dukkan alamu, Inna, na fi kyautata zaton wannan mai farin murfin ne. Abu biyu ne kawai. Ko an cinka ma..."

Ta ɗaga tafin hannunta ta kare tabarau.

"Ajiye kwalbar nan. Canki-canka za ka yi da idona? Ido ɗaya gare ni, ɗan nan, kuma ba a sake zama a rubuta shi baɗi."

Ta ji ya zauna a bakin gado da nauyi.

"Sa takalminka ka koma ka tambaye ta."

"Inna, ba ki ga matar nan ba."

"Gaskiya ne, ban gan ta ba. Abin da muke nema ke nan."

"Ba wasa nake yi ba. A gabana ta wanke wani dattijo tas. Ni kuma na riga na ce mata na gane. Cewa za ta yi, dubi wannan, da gemunsa da digirinsa."

"Digirin a goshinka yake rubuce?"

Ana cikin haka waya ta yi ƙara. Yaya ce. Da ta ji ba a ɗiga magani ba tukuna, sai ta ce a ba ta Farfesa. Tun suna yara da wannan suna take tsokanarsa. Muryarta tana fitowa har inda Inna take.

"Farfesa, kwalba biyu ce ta kayar da kai? Ni da nake zuwa ta kusa da ƙarshe, da tuni na ɗiga na wanke hannu."

"Da tuni kin ɗiga mata a hanci," in ji Auta.

"Ke, ki bar mini ɗa ya ji da abin da yake gabansa," in ji Inna. "Ki je ki ji da cikinki."

Da aka kashe waya, ta lura bai motsa ba. A nan ta gane cewa ba nisan asibiti ne ya riƙe shi ba, ba kuma kaifin bakin nas kaɗai ba. Bai san yadda ake faɗar abin ba. Bakinsa bai taɓa ɗaukar kalmomin ba.

"Ɗauka ni ce ita. Ka shigo, ka yi sallama, ka gaishe ni. Sai me?"

Ya yi ɗan tari. "Ranki ya daɗe, akwai wani ɓangare na bayanin da kika yi ɗazu wanda bai fito mini sarai ba, musamman dangane da..."

"Kafin ka kai ƙarshen wannan ta sallami mutum biyar. Ba jawabi aka ce ka yi ba. Ka ce, ban gane ba."

"Ai shi nake faɗa."

"Ba shi kake faɗa ba. Kana zagaye shi ne kamar mai tsoron kare. Faɗi in ji."

Da ya furta, ƙasa-ƙasa ya fito kamar mai amsa laifin sata.

"Ƙara murya. Kurma ce."

"Ban gane ba!"

"Yawwa. Ka ga rufin ɗakin bai faɗo ba. Idan ta gama bayani, kada ka ce mata to. Ka ɗauki kwalbar a hannunka, ka taɓa idonka, ka faɗa mata abin da za ka yi idan ka dawo gida. Ba abin da ta ce ba, abin da za ka yi. Idan ta yi faɗa, faɗa ba ya huda fata."

Ya zuba kwalaben a aljihu ya fita.

Rana ta take, ta fara karkata. Mai gyaran takalma ya rufe rumfarsa ya zo dubiya, ya zauna a kan kujera daga bakin ƙofa. Ya ce layin ya yi shiru babu ƙarar keke, har mai fenti ya fara jin kewar faɗan da take yi masa a kan warin kayansa. Ta ce ya gaya wa mai fenti kada ya saki jiki, hancinta ba a yi masa aiki ba. Suka yi dariya, ita a hankali saboda idon. Amma hankalinta yana can. Ba jinkirin maganin ne kaɗai yake damunta ba. Ta san ana iya zuwa har ƙofar asibiti, a zagaya, a tsaya a gindin bishiya a sake duba waya, a dawo gida da fuskar wanda ya tambayo. Idan ya yi haka, ba ta da idon da za ta kama shi da shi. Kwanciya za ta yi ta buɗe masa ido, ya ɗiga abin da ya ga dama.

Ta ji tafiyarsa tun daga waje, da sauri, yana magana tun bai shigo ba.

"Inna, ashe ba ni kaɗai ba ne!"

"Gaishe da babanka tukuna."

Ya gaishe da mai gyaran takalma a gurguje, ya durƙusa a gefen gado.

"Na same ta tana cikin sallamar wasu. Na tsaya har ta ɗago. Ta ce, kai kuma fa, ba ɗazu na sallame ku ba? Na ce, ban gane ba. Ta ce, ba kai ka ce mini ka gane ba? Na ce, na faɗa, amma ban gane ba. Wallahi Inna, sai da benci ya yi dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage."

"Ta tsage?"

"Ba ta tsage ba. Sai wani tsoho da yake riƙe da ledar maganinsa ya miƙe ya ce, 'yata, tun da yaron nan ya fasa ƙwan, ni ma ban gane nawa ba. Wata mata ta ce ita ma. Kafin ki ce me, rabin masu dariyar sun zagaye tebur."

Mai gyaran takalma ya tafa hannu. "Ka ji 'yan duniya! Su yi maka dariya, su sha a inuwarka."

"Ta yi faɗa?" in ji Inna.

"Ta yi, sosai. Ta ce mu ne muke mayar musu da aiki baya, a tambaye mu mu ce to, mu je mu lalata ido mu dawo muna cewa likita bai iya ba. Amma ta zauna ta bi da mu ɗaya bayan ɗaya. Ta manna filasta a jikin na idon hagu, ta ce ko a duhu na shafa zan ji. Na riƙe shi na taɓa idona na hagu na faɗa mata. Ta ce in sake. Na sake. Sannan na tambaye ta yadda za ki yi salla tun da an hana ki sunkuyawa, ta ce a zaune, da nuni. Na tambaye ta wanke fuska, ta ce da tsumma mai tsabta, a kauce wa idon. Har na tambaye ta idan ɗigon ya zube a kumatu ko a ƙara wani."

"Ta ce me?"

"Ta ce a ƙara, kumatu ba shi ne marar lafiyan ba."

Inna ta saki wata doguwar ajiyar zuciya, kafaɗunta suka sauka a kan matashi. Ta miƙa hannu ya sa mata kwalbar, ta shafa ta ji kaushin filastar a ƙarƙashin babban yatsanta.

"Wanda ka yi niyyar ɗiga mini ɗazu, shi ne wannan?"

"Inna, mu bar wannan zancen."

Ta bar shi. Ba ta sake tayar da shi ba, ko ga Yaya.

Ya sake wanke hannu, ya cire mata tabarau, ya ce ta kalli sama. Ɗigon farko ya sauka a gira, na biyu ya gangara gefen hanci. Mai gyaran takalma ya ce daga bakin ƙofa, idan haka za a yi, a kawo bokiti. Na uku ya faɗa inda ake so, da ɗan sanyi da ɗan yaji. Ta lumshe ido ta ce alhamdu lillahi.

Kwanakin da suka biyo baya, hazon ya riƙa janyewa kaɗan-kaɗan. Ta fara rarrabe ƙofa da bango, sannan zanen labule, sannan yatsun hannunta. Ɗigon Auta ya daina sauka a gira. Ranar komawa asibiti, likita ya haska idon ya daɗe yana dubawa, ya ce ya yi kyau ƙwarai, nan gaba kaɗan za a auna mata tabarau ta koma bakin aikinta. Auta ya tsare shi da tambayoyi har na bayansu suka fara gyaran murya, sai da Inna ta ja shi ta hannun riga.

A hanyar fita ta ji muryar nan mai kaifi tana tsawata wa wani. Ta tsaya ta juya. Babu ƙatuwar mace mai faɗin kafaɗa. 'Yar siririyar yarinya ce, ba ta kai Yaya shekaru ba, idanunta sun faɗa don gajiya, tana tsaye a bayan tebur da tulin kwalaye. Inna ta dube ta daga sama har ƙasa, a tsanake, irin kallon da ta daɗe ba ta yi wa kowa ba. Aljihun farar rigarta ya ɓalle daga gefe guda, an kama shi da fil.

Ta matsa kusa. "Sannu da aiki, 'yata."

"Sannu, Mama. Yaya idon?"

"Ga shi yana ganin aljihunki. Wa ya yi miki wannan ɗinkin?"

Nas ta dubi rigarta, kunya ta kama ta, ta sa hannu ta rufe wurin. "Haka aka ba mu su, Mama."

"Zaren ne ba shi da ƙwari, kuma ba a mayar da ɗinki a baki ba. Ranar da ba kya aiki ki kawo mini ita, da sauran idan akwai. Ɗana zai kwatanta miki shagon."

Ta gyara zaman tabarau a hancinta, ta saki hannun Auta, ta nufi ƙofa da ƙafarta.